Napi a Cikin Aji: Sharhi a Kan Yadda Ake Koya wa Yaran Firamare Adabin Bakan Al'ummar Blackfoot

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1999 majalisar jihar Montana ta ƙasar Amurka ta kafa dokar da ta wajabta wa makarantun gwamnati su koya wa kowane ɗalibi tarihi da al'adun 'yan asalin ƙasar, wato al'ummomin da Turawa suka tarar. Tsarin mulkin jihar na 1972 ne ya fara ɗaukar wannan alkawari, amma ba a ware wa aikin kuɗin kirki ba sai a 2005. A lardin Alberta na ƙasar Kanada kuwa, bayan rahoton Hukumar Gaskiya da Sulhu na 2015, an shigar da sanin al'amuran 'yan asalin ƙasa cikin sharuɗɗan aikin koyarwa tun daga 2019. Da yake ƙasar al'ummar Blackfoot ta ratsa waɗannan yankuna biyu, sai labaransu na baka suka zama cikin kayan da malamin firamare ya fi saurin kai hannu gare su. Yaro ɗan shekara shida ko bakwai a birnin Calgary yana iya sanin sunan Napi tun kafin ya haɗu da ɗan Blackfoot ko ɗaya.

Wannan maƙala za ta dubi abin da ke samun labarin idan ya bar bakin dattijo ya shiga littafi mai hotuna da tsarin darasi. Ra'ayin da za a kare shi ne: abin da makaranta ta fi yawan miƙa wa yaro shi ne zaren labari kawai, alhali a wajen masu labarin, sanin wanda ya cancanci ya faɗe shi, da lokacin faɗarsa, da wurin da ya shafa, da harshen da ya ɗauko shi, duk suna cikin jikin adabin. Za a nuna cewa waɗannan abubuwa ba su fi ƙarfin hankalin ƙaramin yaro ba.

2.0 Al'ummar da Harshenta

Blackfoot gamayya ce ta rassa huɗu. Uku suna Alberta, wato Siksika da Kainai da Piikani, na huɗun kuma, Amskapi Piikani, yana Montana, inda garin Browning yake hedkwatarsu. Harshensu ɗan gidan harsunan Algonkiya ne. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 rayuwarsu ta rataya ne a kan ɓaunar Amurka: namanta abinci, fatarta tanti da mayafi. Sun ƙulla yarjejeniya da Amurka a 1855, da Kanada kuma a 1877. Wajen 1880 garkunan ɓauna suka ƙare, yunwar hunturun 1883 zuwa 1884 ta kashe ɗaruruwan mutane a ɓangaren Montana. Daga nan sai makarantun kwana na mishan da gwamnati, inda ake raba yaro da iyayensa, a hore shi idan ya yi magana da harshen uwa. Yau masu jin harshen sosai 'yan dubbai ne, galibinsu kuma dattawa.

Ya kamata a riƙe wannan batu na ƙarshe, domin shi ne ya ba al'amarin nauyi. Makaranta ce ta yanke sarƙar da ke kai labari daga kaka zuwa jika. Idan yau makaranta ta dawo tana cewa za ta koyar da labarin, masu shi suna da hujjar su tambayi yadda za ta yi.

3.0 Inda Littattafan Yara Suke Ɗebo Labaran

Mafi yawan abin da ke yawo a azuzuwa, in an bi salsalarsa, yana komawa ne ga tarin labarai ƙalilan. Akwai na George Bird Grinnell, Blackfoot Lodge Tales, na 1892. Akwai na Clark Wissler da D. C. Duvall, Mythology of the Blackfoot Indians, na 1908, wanda Duvall, ɗan wata mace Bapiikaniya mai jin harshen, shi ne ya yi ainihin aikin tattarawa da fassara. Akwai na Walter McClintock, The Old North Trail, na 1910. Masanin harshe ɗan ƙasar Holan, C. C. Uhlenbeck, ya buga nasa a 1911 da 1912, shi kuwa da matanin Blackfoot ɗin kansa, amma irin nasa ba ya isa hannun malamin firamare. Mai nazarin Hausa ba zai rasa lura da cewa a daidai waɗannan shekaru ne, 1911 zuwa 1913, Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa. Zamani ɗaya ne, kuma tunani ɗaya: a kwashe kafin su ɓace.

Wissler da Duvall sun kasa abin da suka tara gida biyar: labaran Napi, labaran taurari, labaran asalin bukukuwan ibada, labaran asalin wasu al'adu, sai sauran labarai. Ko da wannan rabo na baƙo ne, ya nuna cewa ba abu ɗaya ake magana a kai ba. Amma da zarar an zo kan kantar littattafan yara, duk sai a zuba su kwando ɗaya, a yi musu suna ɗaya da ke nufin almara. Kamar a ce wani ya haɗa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, da tarihin Bayajida, da kirarin bori, da ƙissar annabawa, ya buga su littafi ɗaya ya kira shi tatsuniyoyin Hausawa. Kowane Bahaushe ya san inda za a yi rigima.

4.0 Napi da Dutse

Napi, wato Tsoho, shi ne tauraron da yara suka fi sani. Shi ne ya tsara duwatsu da koguna da dabbobi a wasu labaran, a wasu kuwa ga shi mayunwaci, maƙaryaci, mai kwaɗayin mata, wawa wanda dabararsa ke komawa kansa. Ta fuskar wayo da kwaɗayi ya yi kama da Gizo, amma Gizo bai taɓa tsara duniya ba, don haka kamancen bai wuce rabin hanya ba.

Labarin da aka fi kaiwa aji shi ne na Napi da dutse. Ranar wani zafi Napi ya zauna hutawa a kan wani ƙaton dutse, ya yi masa kyautar mayafinsa. Da ya yi gaba sai hadari ya taso, sanyi ya kama shi, ya nemi dutsen ya mayar masa, dutse ya ce kyauta ba ta komawa. Napi ya fizge mayafin ya tafi. Can sai ya ji ƙara a bayansa, ashe dutsen ne ke mirginowa. Manyan dabbobi suka tare shi, ya bi ta kansu. Daga ƙarshe wasu 'yan tsuntsayen dare dangin yautai, a wata ruwayar kuma jemagu, suka yi ta kai masa farmaki har ya tsage.

A tsarin darasin da aka saba gani, a nan labari yake tsayawa, malami ya tambayi yara darasin da suka koya, amsar da ake jira kuma ita ce kada mutum ya karɓe abin da ya bayar. Sai a raba fenti a zana dutse. Ba a ce wannan darasi ba ya cikin labarin ba. Matsalar ita ce an datse labarin ne domin ya yi daidai da darasin. A tsofaffin ruwayoyi labarin yana ci gaba: Napi ya je sheƙar tsuntsayen da suka cece shi, ya yage bakunan 'ya'yansu ya guntule musu baki, shi ya sa har yau wannan tsuntsu yake da faffaɗan baki da ɗan guntun ƙoto. Wato Napi bai tuba ba, bai kuma koyi komai ba, gobe ma zai sake. Mai sauraro ne ake bari ya yi dariya, ya ji kunya a madadinsa, ya auna da kansa. Hikimar irin wannan tauraro ke nan: yana aikata abin da aka hana a gaban yara, domin su ga muninsa ba tare da an ɗaga musu yatsa ba. Idan malami ya naɗe labarin da jimla guda ta wa'azi, ya ɗauke wa yaro aikin da labarin ya ba shi. Haka nan ana tace duk abin da ya shafi tusa da kashi da al'aura, waɗanda labaran Napi suke cike da su. Tace na al'aura ga ɗan shekara shida abu ne da dattawan Blackfoot ma suke yi gwargwadon masu sauraro. Amma Napin da aka wanke tas har ya koma kakan kirki mai ba da shawara, wani mutum ne daban aka ba shi sunan.

Abu na biyu da ke faɗuwa shi ne wuri. Dutsen nan yana nan. Yana kudu da Calgary kusa da garin Okotoks, wanda sunansa ma daga kalmar Blackfoot mai nufin dutse ya samo asali. Nauyinsa ya kai kimanin tan 16,500, kuma a tsage yake. Masana ilmin ƙasa sun nuna cewa kogin ƙanƙara ne ya ɗauko shi daga tsaunukan yankin Jasper ya kawo shi nan, kuma akwai jerin irinsa ƙanana a gefen tsaunukan har zuwa Montana. Abin lura shi ne labarin da kimiyyar sun yarda a kan muhimmin abu guda: wannan dutse baƙo ne a inda yake, tafiya ya yi. Al'ummar da ta lura da haka ta adana shi a labari ta cancanci a nuna wa yaro basirarta. Malamin da ya ce wa yara ga abin da mutanen da suka yi zato, ga kuma gaskiya, ya koyar da raini ne ba da saninsa ba. Wanda ya kai su gaban dutsen, ko ya nuna musu shi a taswira, ya ce ga hanyoyi biyu na bayanin tafiyar dutse ɗaya, ya koyar da adabi da labarin ƙasa a zama guda.

Akwai labarin da ba a cika kaiwa aji ba, ga alama don ba ya ba da darasi mai sauƙin rubutawa a allo. Napi da mace ta farko suna shawarar ko mutane za su riƙa mutuwa. Napi ya jefa busasshen kashin ɓauna a ruwa, a kan cewa in ya yi iyo mutuwa ba za ta zama ta dindindin ba, ya kuwa yi iyo. Matar ta ce ba haka ba, ta ɗauki dutse ta jefa, a kan cewa in ya nutse mutuwa ta tabbata, domin mutane su riƙa tausayin juna. Dutse ya nutse. Ba a jima ba ɗanta ya mutu, ta nemi a sake shawara, Napi ya ce magana ta riga ta zauna. A ganina wannan ya fi labarin mayafi dacewa da yara. Kowane aji yana da yaron da ya rasa kaka ko ƙane, labarin kuma bai ce matar ta yi daidai ko ta yi kuskure ba. Ya bar tambayar a buɗe, yara kuwa sun iya zama da buɗaɗɗiyar tambaya fiye da yadda masu tsara manhaja suke zato.

5.0 Labarin da Yake da Mai Shi

A nan ne al'amarin ya fi tsauri. A al'adar Blackfoot akwai ƙunshe-ƙunshe masu alfarma, irin su ƙunshin Bifa da na Lofen Tsawa, wanda ake buɗewa bayan an ji tsawar farko ta bazara. Kowane ƙunshi yana tafe da waƙoƙinsa da labarin asalinsa, kuma ana miƙa shi ne daga hannu zuwa hannu ta hanyar biki, tare da iznin yin waƙoƙin da faɗar abin da ya shafe su. Wanda ba a miƙa wa ba, ko da ya ji ya haddace, ba huruminsa ba ne ya koyar. Ilmi a nan yana da silsila, abin da ba baƙo ba ne ga duk wanda ya san yadda ake karɓar izni a zauren malamai.

Labarin macen da ta auri Gamzaki ta tafi sama, ta tono saiwar da aka hana ta tonowa, ta hango danginta ta ramin, aka mayar da ita ƙasa da ɗanta, da labarin saurayi mai tabo a fuska wanda ya je gidan Rana aka share masa tabon, su ne tushen Okan, babban bikin ibadarsu na bazara. Gwamnatin Kanada ta hana wasu sassan irin wannan biki da dokar 1895, amma bai mutu ba, ana yin sa har yau. Paul Goble, marubuci mai zane haifaffen Ingila, ya mayar da wannan labari littafin yara mai suna Star Boy a 1983. Zanensa yana da kyau, ya kuma ambaci inda ya ɗebo. Duk da haka wasu manazarta 'yan asalin ƙasar sun soki ayyukansa, kuma sukar tana da tushe: ambaton Grinnell ko McClintock izni ne daga mai rubutu zuwa mai rubutu, ba daga masu abin ba. Ga kuma abin da ke biyo baya a aji, inda ake sa yara su yi wasan kwaikwayon labarin, wannan ya zama Rana, wancan ya zama Gamzaki, a yi hular gashin tsuntsu da takarda. A cikin yaran akwai mai yiwuwa 'yar Kainai wadda kakarta ta yi azumi ta ɗauki alwashin Okan. Abin da take gani shi ne ana wasa da addinin gidansu, kuma malama ce ta shirya.

Ba a nufin a rufe ƙofa. Littafin Goble na 1993, The Lost Children, ya ɗauko labarin yara shida da aka yi watsi da su, ba a ba su mayafin fatar ɗan ɓauna kamar sauran yara ba, suka tashi sama suka zama taurarin da Bahaushe ke kira kaza da 'ya'yanta. Taurarin nan suna ɓuya a bazara lokacin da 'yan maruƙan ɓauna suke jajaye, su dawo da kaka bayan gashinsu ya yi duhu. Labari ne mai ɗauke da kalanda da kuma zargi ga manya masu sakaci da marayu, kuma 'yan Blackfoot da kansu suna ba da shi a bainar jama'a. Bambance irin wannan da wancan shi ne aikin, kuma ba malami ne zai yanke shi kaɗai a ɗakin karatu ba. Akwai inda zai tambaya. Percy Bullchild ya rubuta labaran da bakinsa a The Sun Came Down a 1985. Gidan tarihi na Glenbow a Calgary ya buɗe zauren Blackfoot a 2001 wanda dattawan al'ummar suka tsara abin da za a nuna da abin da za a bari. Shi kansa sanin cewa wani labari yana da mai shi darasi ne da ɗan aji ɗaya zai gane nan take, tun da ya san bambancin abin wasansa da na ɗan'uwansa.

Haka batun lokaci. Dare da hunturu su ne lokacin irin waɗannan labarai, kamar yadda camfin Hausawa ya hana tatsuniya da rana. Makaranta ba ta zama da dare, amma hunturun Alberta dogo ne, ba abin da zai hana a jinkirta darasin zuwa lokacinsa a kuma gaya wa yara dalili.

6.0 Abin da Fassara Ba Ta Ɗaukowa

Masu nazarin harshe za su fi jin wannan. Kamar sauran harsunan Algonkiya, Blackfoot yana rarrabe mutum na uku gida biyu: wanda zance ya sa a gaba, da wanda yake gefe. Bisa bayanin Donald Frantz a littafinsa na nahawun harshen na 1991, suna mai rai tilo yana ɗaukar ɗafa-ƙeyar -wa idan shi ne a gaba, da -yi idan yana gefe, misali nínaawa da nínaayi, duka suna nufin mutum namiji. Aikatau ma yana nuna wannan bambanci. Ma'anarsa ga mai ba da labari ita ce nahawu da kansa yana nuna wa mai sauraro a bayan wa yake tsaye, kuma gwani yana iya sauya wanda ke gaba a tsakiyar labari, hankalin masu sauraro ya koma can ba tare da an ce musu komai ba. Ingilishi ba shi da wannan, Hausa ma ba ta da shi. Mu sai dai mu yi ta maimaita suna don kada “shi” ya rikice da “shi”. Duk yaron da ya karanta Napi a fassara, wannan salo bai iso gare shi ba, haka ma murya da dakatawa da kwaikwayon kukan dabbobi.

Mu da muke koyar da Hausa nesa da ƙasar Hausa mun san ɗanɗanon wannan. Ɗalibin da ya fara haɗuwa da Gizo a takarda yana iya kawo jigo da zubi a jarrabawa ya ci, amma bai taɓa jin tsamin bakin Gizo ba, bai kuma san dalilin da yaran Kano suke fashewa da dariya tun kafin Gizo ya gama jimla ba.

Akwai kuma batun ruwaya. Littafi yana daskarar da ruwaya ɗaya, yaro ya ɗauka ita ce daidai, har ya gyara wa kakarsa. Wissler ya ba da labarin wani dattijon Kainai da aka tambaya game da saɓanin ruwayoyi, sai ya tumɓuke wani tsiro ya nuna yadda rassansa suka bi ta ko'ina alhali tushensu ɗaya. Idan a wannan gida jemagu ne suka fasa dutse, a wancan kuma yautai, sai a kawo wa yara duka biyun.

7.0 Yara Iri Biyu

Tsare-tsaren darasi sukan yi magana kamar yara duk ɗaya ne. Ɗan baƙo yana bukatar ya san cewa maƙwabtansa suna da adabi, suna nan da ransu, kuma akwai ladabin kusantarsa: a gayyaci dattijo, a miƙa masa taba bisa al'ada, a biya shi kamar yadda ake biyan kowane masani, a saurara ba katsewa. Jihar Montana ta ɗan buɗe wannan hanya tun 1995, da ta ƙirƙiro lasisin koyarwa na musamman wanda al'umma da kanta take tantance mai harshe da al'ada, ko ba shi da digiri.

Ɗan Blackfoot kuwa bukatarsa ta wuce darasin mako guda. Shi harshen ne ya kuɓuce masa. Wannan ne ya sa Darrell Kipp da abokan aikinsa suka kafa Cibiyar Piegan a Browning a 1987, suka kuma buɗe makarantar Nizipuhwahsin, wadda aka fi sani da Cuts Wood, a 1995, inda ake koyar da yara da harshen Blackfoot tsawon yini. Iyayen da yawa daga cikin yaran farko ba su jin harshen, domin nasu iyayen makarantun kwana sun hana su miƙa shi. Sai ya zama yaro yana dawowa daga makaranta ya tsallake uwa da uba, ya je ya zauna gaban kakarsa su yi hira da harshen da aka taɓa dukanta a kansa, in dare ya yi kuma ta ba shi labarin Napi ba tare da tafinta ba.